Yadda Ake Wanke Ril Na Teku Da Saita Shi Don Jifa Ya Yi Nisa

Duk wanda ya mallaki ril ɗin fatsa irin na teku a nan Kano, wato na'urar da ake ɗaurawa a sanda tana naɗe zare tana sakinsa, ko a gwanjo ya tsinto shi ko wani ɗan'uwa ne ya taho masa da shi daga Legas ko Jidda, abu na farko da yake damunsa shi ne jifa. Ka ɗaga sanda ka wurga da iya ƙarfinka, dalma, wato nauyin da ake ɗaura wa zare, ta faɗi nan kusa, ko kuma zare ya cukurkuɗe a kan kwarkwaro ka zauna bakin ruwa kana warwara har rana ta take. Sai mutum ya ce ril ɗin ne ba kyau. Wallahi mafi yawan lokaci lafiyarsa ƙalau, datti ne ya cika shi kuma ba wanda ya taɓa saita shi. Mu da ba mu da teku muna da Tiga da Challawa da Bagauda da Watari, kuma in kana kamu daga gaɓa ba kwalekwale, to nisan jifa shi ne zai kai ƙugiyarka inda ruwa yake da zurfi, inda ragon ruwa da manyan tarwaɗa suke kwance. Shi ya sa nake ganin gyaran nan ya shafe mu sosai, ba mutanen bakin teku kaɗai ba.

Ril iri biyu ne zaka gani. Akwai wanda yake rataye a ƙasan sanda, kwarkwaronsa a tsaye yake ba ya juyawa lokacin jifa, zare ne kawai yake zamewa daga bakinsa, ana ɗaga masa wata 'yar waya mai lanƙwasa kafin a wurga. Akwai kuma wanda yake zama a saman sanda mai kamar ƙaramar ganga, shi kwarkwaronsa ne da kansa yake juyawa yana sakin zare. Irin su Ambassadeur 6500 na kamfanin Abu Garcia na Suwidin, da Penn 525 Mag na kamfanin Penn da aka kafa a Filadelfiya ta Amurka a 1932, da Daiwa 7HT na Japan, duk wannan nau'in ne. A kansa zan fi daɗewa don shi ne mai ba da wahala, kuma shi ne in ya saitu yake jifan da sai ka ji daɗi a ranka.

Kafin ka kwance ko sukuru ɗaya, ka fahimci abin da yake faruwa a cikin jifa, don in baka gane wannan ba duk saitin da zaka yi lalube ne. Lokacin da ka ɗaga babban yatsa, dalma tana fizgar zare da ƙarfi, kwarkwaro ya tashi daga tsaye ya kama gudu mai tsanani nan take. Daga nan iska ta fara rage wa dalma gudu, amma shi kwarkwaro ba abin da ya rage masa, yana ta sakin zaren da dalma ba ta ɗauka. Kamar ɗan ga-ruwa ne yana gaba yana riƙe da kurarsa a gangara, shi ya sassauta amma kurar ba ta sassauta ba, dole ta taho ta hau shi. Zaren da ya yi rara shi ne yake tasowa ya harɗe. Don haka aikinmu biyu ne, a cire duk wani datti da yake riƙe kwarkwaro ba bisa ƙa'ida ba, sannan a sa masa birki daidai gwargwado. Ril mai gudu ba birki ba ya jifa mai nisa, tsinka zare kawai yake.

Kayan aiki ba su da yawa. Ƙananan sukudireba masu kyau, irin na masu gyaran waya da zaka samu a Farm Centre, ka tabbata bakinsu ya zauna daram a kan sukuru don sukurorin ril da yawa tagulla ne da aka shafa wa ruwan ƙarfe, da wuri suke cinyewa. Ƙaramar sifana ta notin hannu, tsohon burushin haƙori, audugar kunne, tsinken sakace, farin ƙyalle mai tsabta, ƙaramar kwalba mai murfi, sifirit daga kemis ko man laita, giris mai laushi, sai mai mara nauyi. In ka samu man ril na ainihi madalla, in babu man keken ɗinki zai riƙe ka. Ka shimfiɗa ƙyallen a cikin faranti mai baki, ka zauna a ɗaki ba tsakar gida ba, ka kashe fanka. Ka ajiye wayarka kusa, duk abin da zaka cire ka ɗauki hotonsa tukun, kuma ka jera kayan daga hagu zuwa dama yadda suka fito, in ka zo mayarwa sai ka faro daga dama.

Toh mataki na farko, cire kwarkwaro. A irin su Ambassadeur akwai sukurori masu manyan kai a gefen hannu waɗanda da yatsa ake kwance su, kana sassauta su gefen gaba ɗaya zai fito, sai ka zaro kwarkwaro a hankali a miƙe, kar ka karkata shi, in sandar tsakiyarsa ta lanƙwashe ko kaɗan ne ril ya gama jifa mai kyau. Ka lura da wasu ƙananan 'yan birki da suke kan ƙusoshi a gefen kwarkwaro, a tsofaffin ril sukan zame su faɗi, kuma ƙanana ne ƙwarai, in suka faɗa ƙasa samun su sai an sha wuya.

Yanzu ka duba cikin. Ril ɗin da ya yi aiki a teku zaka ga alama, farin gari a jikin alminiyam musamman inda sukuru ya shiga, da kore-kore a jikin tagulla. Ruwan teku kowace lita tana ɗauke da gishiri kamar giram 35, na Bahar Maliya wajen Jidda ma ya fi haka, kuma in ruwan ya bushe gishirin yana nan a maƙale yana jan laima yana cin ƙarfe, ko da ril ɗin ya shekara a Kano. Ka goge da burushi da ruwan ɗumi da ɗan sabulu, ka ɗauraye, ka shanya a inuwa ya bushe sarai. Sukurun da ya ƙi kwantuwa kar ka yi masa dole, ɗiga masa mai ka bar shi ya kwana. Anan ne kawai WD-40 yake da amfani, wajen sassauta abin da ya cije, amma ba man shafawa ba ne, kar ka fesa shi cikin boris ko cikin giya, narkar da giris yake yi ya bar wurin a bushe.

Mataki na biyu shi ne boris, kuma gaskiya rabin aikin yana nan. Boris biyu ne suke ɗauke da kwarkwaro, a sababbin Ambassadeur a cikin kwarkwaron suke, a tsofaffi kuma suna jikin gefunan ril ƙarƙashin murafu. Yawanci wata siririyar waya ce ko ƙaramin kilif yake riƙe su, in zaka ɓanɓare shi ka sa hannunka da kwarkwaron cikin farar leda, don tsalle yake yi ya ɓace. Ka jefa boris ɗin a kwalba, ka zuba sifirit ko man laita ya rufe su, ka girgiza, ka bar su kamar minti 15, zaka ga ruwan ya yi baƙi ko ruwan ƙasa. Ka zubar ka sake sabo har sai ya fito garau. In fetur kawai gare ka zai yi, amma a waje nesa da wuta da janareta, kuma kar ya taɓa duk wani abu na roba. Ka ɗora su a kan tishu su bushe da kansu. Don Allah kar ka kai wa mai faci ya hura musu iskar kwamfaresa suna juyawa, boris ba mai in ya yi wannan gudun lalacewa yake.

In sun bushe ka soka kowanne a bakin fensir ka kaɗa shi da yatsa ka kasa kunne. Mai lafiya zai yi ta juyawa da siririn sauti ba tangarɗa. In ka ji ƙaras-ƙaras, ko yana tsayawa cak maimakon ya sassauta a hankali, ka sake wankewa, in bai daina ba tsatsa ta ci ƙwallayen ciki, canji kawai. Boris ɗin kwarkwaron 6500 na zamani girmansa milimita 4 a rami, 10 a faɗi, 4 a kauri, tsofaffi kuma raminsu 3 ne, amma kar ka dogara da wannan kaɗai, ka tafi da tsohon a hannu a gwada da sabon, kuma ka nemi wanda ba ya tsatsa in teku zaka kai shi.

Sai mai. Ɗigo ɗaya a kowane boris, in ya yi yawa biyu ƙanana, da bakin tsinke zaka ɗiga. Anan mutane da yawa suke ɓata aikinsu, su cika boris da mai ko su cusa masa giris wai don ya daɗe, sai kwarkwaro ya yi nauyi, rarar man kuma ta fantsama ta jiƙa birki. Nauyin man da ka zaɓa shi ma birki ne, mai kauri yana riƙe kwarkwaro, mai ruwa-ruwa yana sake shi. Kuma ka tuna masu haɗa man nan da yawa don yanayin sanyin Turai suke haɗawa, mu kuwa a watan Afrilu zafi yana haura digiri 40, man da yake daidai a can zai tsinke a nan ya zama kamar babu. Don haka a bazara ni na fi son mai ɗan kauri, ga ɗan koyo ma ɗigo ɗaya na sabon man inji mai tsabta ya fi masa kwanciyar hankali. Da sanyin Disamba da Janairu kuma mai yana daskarewa da sassafe, sai ril ya yi nauyi da safe ya saki jiki in rana ta ɗaga, ka sa wannan a ranka kar ka ce wani abu ne ya lalace.

Mataki na uku, gefen giya. Wannan ba ya ƙara nisan jifa kai tsaye sosai, amma in ka bar shi a ranar da babban kifi ya kama zai kunyata ka. Ka kwance notin hannu, ka cire hannu, ka warware tauraron da ake matse birkin kifi da shi, wato birkin da yake riƙe zare in kifi yana ja, ka buɗe murfin. Zaka ga babbar giya da ƙaramar giya da wasu sifirin guda biyu ƙanana, kar ka taɓa komai sai ka yi hoto. Ka goge tsohon giris da ya daskare ya haɗe da ƙura, ka shafa sabo da burushi shafe-shafe a haƙoran giya, ba cusawa ba. Ramin ƙaramar giya inda sandar kwarkwaro take ratsawa kar giris ya shiga, ka zura audugar kunne ka goge shi tas, in giris ya taɓa nan zai riƙe kwarkwaro lokacin jifa, duk wahalar da ka sha a kan boris ta tafi a banza. In ril ɗinka yana da boris ɗin nan mai hana hannu komawa baya, shi ma ba a cika shi da giris, ɗan mai kaɗan ya ishe shi, in ba haka ba zai riƙa zamewa.

A cikin babbar giya akwai washoshi a jere, na ƙarfe da masu laushi ɗaya bayan ɗaya, su ne birkin kifi, wato abin da yake barin kifi ya ja zare da wahala ba tare da ya tsinka ba. Ka zaro su a jere ka mayar a jere. Na ƙarfe ka goge su su yi ƙyalli. Masu laushin in baƙaƙe ne masu saƙa-saƙa irin na kabon, ana shafa musu ɗan giris na musamman na birkin ril siriri ƙwarai, in babu ka goge su ka mayar a bushe, kar ka sa musu giris ɗin mota. In sun murmushe ko sun ƙone sai canji. Wajen saitawa, ƙa'idar da aka saba ita ce zare ya fara zamewa a kashi ɗaya cikin uku ko cikin huɗu na ƙarfinsa. Ka ɗaura zaren a ƙaramin sikeli mai ƙugiya wani ya riƙe maka ka ja, in zarenka mai ɗaukar kilo 7 ne to ya fara saki a wajen kilo 2.

In ril ɗinka yana da abin nan da yake kai da komo a gaba yana jera zare da kansa, ka wanke sandarsa mai zanen tsagi da burushi ka ɗiga mata mai, ba giris ba, don a fili take kuma giris yana kama ƙurar hunturu ya zama abin da yake cinye ɗan haƙorin da yake bin tsagin. Wannan abu yana rage nisan jifa, shi ya sa masu jifa daga gaɓar teku suke son ril da ba shi da shi, suna jera zare da babban yatsa. Amma in kai sabon shiga ne ka bar shi, asarar ba ta kai wahalar ba. Abu ɗaya, a irin wanda yake motsi lokacin jifa, in zare ya tsinke zaka sake zurawa, ka tabbata idon yana daidai saitin inda zaren yake fitowa daga kwarkwaro, in suka saɓa zare zai riƙa fita a karkace yana cijewa.

Yanzu ka haɗa komai, mu zo saiti.

Fara da murfin gefe, wannan ɗan murfi mai juyawa da yake danne bakin sandar kwarkwaro. Mutane da yawa suna matse shi tamau don gudun cukurkuɗewa, wannan kuskure ne, yana cinye 'yar washar tagulla da ke ciki kuma yana danne boris. Ka sa ril a sake, wato ka saki kwarkwaro kamar zaka yi jifa, ka riƙe shi da yatsa ka motsa shi hagu da dama, ka riƙa matse murfin har motsin ya ɓace, sannan ka sassauta kaɗan har ka ji ɗan ƙas-ƙas siriri wanda da ƙyar ake jin sa. Nan ne wurinsa. In murafu biyu ne gefe da gefe, ka daidaita su har kwarkwaro ya zauna tsakiya ba ya gogar jikin ril. Daga nan ka bar shi, ba da shi ake rage gudu ba.

Birkin gaskiya iri biyu ne. Na farko 'yan ƙananan birki da na ambata, waɗanda in kwarkwaro ya kama gudu suke fita waje su riƙa gogar wani zobe a jikin ril. Sun fi aiki a farkon jifa lokacin da gudu ya fi tsanani. Su da zoben dole su kasance a bushe ƙayau, ka goge da sifirit, ɗigon mai ɗaya ya isa ya kashe aikinsu. Tsofaffin ril ƙusa biyu gare su, sababbi shida, ana tura kowanne waje don ya yi aiki ko a danna shi ciki ya kwanta. Ka kunna su biyu-biyu masu fuskantar juna ko uku a tsallake, don nauyi ya daidaita. Na biyu kuma maganaɗisu, irin na Penn 525 Mag. Shi ba ya taɓa kwarkwaro sam, kuma alminiyam ba ya manne wa maganaɗisu, amma in yana juyawa a kusa da shi wata 'yar wutar lantarki tana tasowa a jikin ƙarfen tana turje wa juyin, gudu na ƙaruwa turjiya na ƙaruwa. In ka matso da maganaɗisu kusa birki ya ƙaru, in ka ja shi baya ya ragu. Shi ya sa ba ya aiki a kan kwarkwaron roba, kar wani ya manna maka maganaɗisu a irin wannan ya karɓi kuɗinka.

Zare ma saiti ne, kuma an fi raina shi. Don jifa daga gaɓa, zaren roba mai kaurin milimita 0.35 zuwa 0.40 shi ne daidai ga ril mai girman 6500. Kar ka cika kwarkwaro har baki, ka bar kamar milimita 2 ko 3 a ƙasan leɓensa, in kana koyo ma ka bar fiye da haka. Dalili, in zare yana fita tulinsa yana raguwa, kowane juyi ɗaya sai ya riƙa sakin zare ƙasa da na baya, wannan da kansa birki ne, kuma zare mai kauri ya fi saurin rage tulin shi ya sa ya fi sauƙin sarrafawa. Wajen naɗawa ka riƙe zaren da jiƙaƙƙen ƙyalle ya shiga a matse, a jere lafiya ba tudu a gefe ɗaya. In ka yi jifa ka ji ril yana kururuwa yana karkarwa a hannunka alhali boris lafiya lau, to naɗin farko ne bai daidaita ba, sai ka warware duka ka sake. Zaren da ya sha rana ya yi fari-fari ko yana murɗewa kamar sifirin ka zubar, kuma ka ƙona shi ko ka yanyanka kafin ka yar, kar ka bar shi bakin dam ya harɗe ƙafar tsuntsaye da dabbobi.

Ga magana mai muhimmanci wadda ta shafi rai. Siririn zare ba zai iya ɗaukar fizgar dalma mai nauyi ba lokacin wurgi, dole ka ɗaura masa zare mai kauri a gaba. Ƙa'idar masu kamun teku ita ce kowace oza ɗaya ta dalma, wato kamar giram 28, tana buƙatar zare mai ɗaukar nauyin fam 10, wato kamar kilo 4 da rabi, kenan dalma mai oza 5 ko giram 150 tana son zaren gaba mai fam 50 zuwa 60. Tsawonsa ya taso daga dalma ya bi sanda ya zagaya kwarkwaro sau 6 zuwa 8. Ƙullin da ya haɗa su ka kwantar da shi a gefen kwarkwaro kafin kowane jifa don kar ya yanke maka yatsa. Dalmar da ta tsinke a tsakiyar wurgi tana tafiya da ƙarfin da zai iya kashe mutum, kuma a bakin ruwanmu kullum akwai yara da mata masu wanki da makiyaya, dan Allah kar ka yi sakaci da wannan.

Toh sai gwaji. Ka nemi fili mai faɗi wanda ba mutane ba dabbobi ba wayar wuta, ko ka je bakin dam da sassafe inda ba kowa, ka cire ƙugiya ka bar dalma kawai. Ka kunna birki gaba ɗaya, duk 'yan birkin a waje ko ka matso da maganaɗisu kusa iya matsowa. Ka ɗan yayyafa wa zaren ruwa, busasshen zare yana ƙona yatsa kuma yana saurin tasowa. Ka yi jifa a hankali da rabin ƙarfi, ka fara a sanyaye ka ƙare da sauri, ba fizga ba. Idonka a kan dalma, tana dab da taɓa ƙasa ko ruwa ka danne kwarkwaro da babban yatsa. In ka yi haka sau da yawa ba matsala, ka rage birki mataki ɗaya kawai, ka sake. Haka zaka yi ta ragewa har ka fara jin zare yana ɗan tasowa yana shafar yatsanka a tsakiyar jifa sannan ya kwanta da kansa, to ka kai iyaka, ka koma baya mataki ɗaya ka tsaya nan. Abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, in ka canza mai da birki da zare tare ba zaka san wanne ya gyara ko ya ɓata ba.

Lokacin da zare ya harɗe ma yana gaya maka inda matsalar take. In a farkon jifa ne, ko birki ya yi kaɗan ko ka fizga sanda da gaggawa ko mai ya jiƙa 'yan birki. In a tsakiya ne dalma tana can sama, yawanci iska ce take gabanka ko zare ya cika da yawa ko mai ya yi ruwa saboda zafi. In a ƙarshe ne, yatsanka ne ya makara. Kuma saitin fili ba shi ne saitin kamu ba, da zarar ka sa ƙugiya da tana ko hanjin kaza ko yankan kifi iska zata fi riƙe su, don haka ka ƙara birki mataki ɗaya ko biyu. Da hunturu iskar tana tasowa daga arewa maso gabas, in ka samu gaɓar da zata bugi bayanka ka huta, in kuma fuskarka take bugu ka ƙara birki ka yi jifa ƙasa-ƙasa. In ya harɗe kar ka ja da ƙarfi, ka sa ril a sake ka riƙa zaro madaukan ɗaya-ɗaya da tsinke, bayan ka warware ka shafa zaren da yatsa, duk inda ya lanƙwashe ya yi rauni ka yanke.

Shi kuwa ril na ƙasan sanda aikinsa bai kai haka ba. Ka cika zare har saura milimita 1 ko 2 ya kai baki, in ya yi ƙasa sosai zai riƙa gogar leɓe jifa ya mutu. Ka shafa leɓen da farce, in akwai tsaga ko kaushi ka goge da yashin takarda mafi laushi. 'Yar tayar da zare yake bi a jikin wayar ka tabbata tana juyawa, ɗigon mai ɗaya, in ta cije ita ce take murɗe zare. In zare yana taruwa a sama ko a ƙasan kwarkwaro, washoshin da ke ƙarƙashinsa ake ƙarawa ko ragewa, in ya taru a sama ka ƙara ɗaya, in a ƙasa ka cire ɗaya. Bayan jifa ka rufe wayar da hannu, ka ɗan ja zaren ya miƙe kafin ka fara naɗi.

Bayan kowace fita, in teku ka je, Tarkwa Bay ne ko Badagiri a Legas ko bakin ruwan Jidda, ranar zaka wanke ba sai ka dawo Kano ba. Ka matse tauraron birkin kifi don ruwa kar ya shiga washoshi, ka yayyafa ruwan daɗi a hankali ko ka goge da jiƙaƙƙen ƙyalle, kar ka tsoma shi a bokiti kuma kar ka sa shi ƙarƙashin famfo mai ƙarfi don tura gishirin ciki zai yi. Ka girgiza, ka shanya a inuwa, in ya bushe ka sassauta tauraron gaba ɗaya kafin ka ajiye, in ka bar shi a matse washoshin zasu lotse birki ya riƙa fizga. In dam ka je gogewa ta isa, amma kar ka taɓa ajiye ril a kan yashi ko laka, ka kafa wa sanda matokari. A gida ka sa shi cikin tsohuwar safa mai tsabta ko jakar ƙyalle, ba leda ba don tana riƙe laima da damina, ka ajiye a durowa inda ƙura da rana ba sa kaiwa, kuma kar ka bar shi a but ɗin mota ko akwatin babur cikin zafi, mai zai tsiyaye daga boris zare kuma ya lalace. Ɗigon mai a boris bayan 'yan fita kaɗan, wanki na gaba ɗaya kuma sau ɗaya a shekara, ni na fi son yin sa a ƙarshen hunturu in ƙura ta lafa, wajen watan Maris. In kuma ril ya faɗa ruwa ko ya sha yashi, kar ka juya hannunsa ko sau ɗaya sai ka buɗe ka wanke.